Gona Nawa, Daji Nawa, Gari Nawa? Amsa Kan Yadda Ƙasar Najeriya Ta Kasu

Wani ɗalibin ilimin ƙasa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa aikin makaranta kan yadda ƙasar Najeriya ta kasu tsakanin noma, daji da gine-gine. Wani wuri na ga an ce kashi 77 cikin ɗari ƙasar noma ce, daji kashi 8. Wani wurin kuma an ce dajin ya kusa kashi 24. Wanne zan ɗauka? Birane nawa suka ci? Wa ma yake yin wannan rabon? Kuma in har ƙasar noman ta kai haka, me ya sa a garinmu matashi ba ya samun ko gonar aro?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alƙaluman da ka gani ba wani ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙirƙiro su ba. Akasarinsu daga gida ɗaya suka fito, wato Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kuma daga gare ta Bankin Duniya da sauran masu buga jadawali suke kwafa. Sai dai kafin ka ɗora aikinka a kansu, ya kamata ka san yadda aka same su. In ka sani, ba za ka ƙara karanta su kamar rabon gado ba, inda noma ya ja nasa kason, daji ya ja nasa, gari ya ja nasa, aka shafa fatiha aka tashi.

Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, wato hekta miliyan 92 da ɗoriya. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance, kusan eka biyu da rabi. In aka cire koguna da tafkuna, saura wajen hekta miliyan 91. A lissafin FAO kusan miliyan 70 daga ciki ƙasar noma ce, shi ne kashi 76 ko 77 ɗin da ka ci karo da shi. To amma abu uku aka haɗa a wannan kason. Akwai gonakin da ake shukawa a girbe duk shekara, gero, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, doya: hekta miliyan 34 zuwa 37, gwargwadon shekarar da ka duba. Akwai gonakin itatuwa masu daɗewa, koko, kwakwar manja, roba, kashu da lambunan mangwaro da lemo, wajen miliyan 7. Ragowar, miliyan 25 zuwa 30, an rubuta shi ne a matsayin makiyaya ta dindindin. Wanda ya ji wannan suna sai ya ɗauka wasu filaye ne da aka kewaye aka shuka wa dabbobi ciyawa. Mafi yawansu daji ne kawai da saura da fako, inda shanu ke ratsawa. Saboda haka ƙasar da fartanya ko garma take taɓawa ba ta kai rabin Najeriya ba.

Batun daji ya fi ban mamaki. A rahoton FAO na 2015, dajin Najeriya hekta miliyan 7 ne, kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma ana asarar wajen hekta 400,000 duk shekara, abin da ya sa aka riƙa saka mu a sahun gaba na ƙasashen da suka fi sare dazukansu. Da rahoton 2020 ya fito, sai ga dajin ya koma hekta miliyan 21.6, kusan kashi 24. Ba wanda ya dasa hekta miliyan 14 a shekara biyar. Hanyar ƙidayar ce ta sauya: an bar tsohon ƙiyasin da ake ta ragewa a takarda shekara bayan shekara, aka koma ga sabon awo, kuma dazukan da itatuwansu ke warwatse, irin na tsakiyar ƙasar da na Arewa, suka shigo lissafi. Ma'aunin FAO shi ne, wuri ya wuce rabin hekta, itatuwansa su kai tsayin mita 5, rassansu su rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na filin, kuma kada ya zama gona ko cikin gari. Kashi 10 ba wani abu ba ne. Da wannan ma'aunin, kurmin Kuros Riba mai duhu da rana tsaka da dajin marke da sabara na yankin Birnin Gwari layi ɗaya suke shiga.

Yanzu ɗauki alƙalami ka haɗa 76 da 24. Ɗari cif. Ina Legas, ina Kano, ina hanyar Abuja zuwa Kaduna, ina duwatsun Jos, ina yashin Yusufari? Babu wurinsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa akwai ƙasar da aka ƙirga sau biyu. Dajin da shanu ke kiwo a cikinsa duk shekara, masu lissafin noma sun rubuta shi makiyaya, masu lissafin gandun daji sun rubuta shi daji, kuma kowanne cikinsu yana da hujja.

Akwai kuma abin da ba a ƙirga ba ko sau ɗaya. Je ka gonakin Bichi ko Gezawa ko Dawakin Tofa. A watan Agusta gero da wake ne. Bayan kaka, shanun Fulani da tumakin gari ne ke cin kara da ragowar harawa, suna barin taki. A tsakiyar gonar ga ɗorawa, ga kuka, ga gawo, ga tsamiya, kowace da mai ita, ana samun kalwa da miyar kuka da itacen girki da abincin awaki. Fili ɗaya, aiki uku. A jadawali gona ce kawai, itatuwan kuwa ba su da gurbi, tunda ƙa'ida ta ce abin da ke cikin gona ba daji ba ne. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, kuma abin da ya gano ya saɓa wa zaton mutane da yawa: jama'a sun ƙaru, saura ta ƙare, ana noma kowane taku duk shekara, amma manoma ba su share itatuwan gonakinsu ba, sun riƙe su saboda dukiya ce. Wanda ya tsaya kan kaso nawa ne daji ba zai taɓa ganin wannan ba.

Mu zo kan birane, inda na fi ganin ɗalibai suna kuskure. Wanda ya taso a Kano ko Legas yana ji kamar gini ya cinye ƙasar. A lissafin faɗi, abin da gine-gine suka rufe ɗan kaɗan ne. Jihar Legas gaba ɗayanta, da ruwanta da fadamunta da ƙauyukanta, murabba'in kilomita 3,577 ce, ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na Najeriya ba. Yankin Babban Birnin Tarayya da aka yanka a 1976 bai wuce murabba'in kilomita 8,000 ba, kuma har yau mafi yawansa gonaki ne da duwatsu da daji. Gandun Gashaka-Gumti shi kaɗai, a Taraba da Adamawa, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya fi Jihar Legas girma nesa. Jihar Neja ta ninka Legas fiye da sau ashirin. Fiye da rabin 'yan Najeriya yau a birane da manyan garuruwa suke, amma a kan ɗan ƙaramin yanki suke cunkushe.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Birni ba ya cin ƙasa da yawa, amma mai kyau yake ci. Garuruwanmu tun asali a inda ƙasa ke da albarka da ruwa aka kafa su, kuma gonakin da ke bakin gari su ne suka fi shan taki. Kano misali ce da ba ta buƙatar dogon bayani. A da, cikin ganuwa ma akwai gonaki da kududdufai, don in an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci. A wajen ganuwa kuwa, jakuna ne ke fita da takin birni, shara da toka da kashin dabbobi, su dawo da itace da hatsi. Ɗaruruwan shekaru ana wannan, har ƙasar ta zama tana ɗaukar noma duk shekara ba hutu. Wannan ƙasar ce yau ake kira Hotoro, Mariri, Sheka, Ɗorayi, Ɗanbare, Rijiyar Zaki, Bachirawa. Ƙananan hukumomi takwas sun haɗe sun zama gari ɗaya, kuma ginin yana ci gaba da bin hanyar Zariya, ta Gwarzo, ta Katsina, ta Haɗeja da ta Wudil. Hekta ɗaya a nan ba daidai take da hekta ɗaya a fakon da ba ya fitar da ko ƙaya ba, amma jadawali bai san bambancin ba.

Kada kuma ka ga laifin manomin da ya sayar. Yi lissafin da shi ya yi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 470 ba. Hekta ɗaya tana ba da irinsa goma sha biyar zuwa sha takwas in an bar hanyoyi. Masu awon igiya kuwa, da suke yanka ƙanana su bar lungun da ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba, suna fitar da fiye da haka sosai. A bakin babban gari, kuɗin fuloti ɗaya ko biyu yana iya fin abin da gonar gaba ɗaya za ta ba shi na gero a shekaru masu yawa. Ga kuma tsoro: in bai yanka ya sayar da kansa ba, gobe gwamnati na iya zuwa ta karɓe don sabon tsarin unguwa, ta biya shi abin da ba zai saya masa rabin gonar a wani wuri ba. Da dillali ya zo, ba ya shan wahalar shawo kansa.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta wa ke rabon. A takarda, gwamna ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta Maris 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta danƙa duk ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Ga mutumin Kudu wannan sabon abu ne. Ga Arewa kuwa tsohon zance ne da aka sake wa riga, don tun 1910 Turawa suka shelanta cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, aka sabunta a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta sake tabbatar da shi a dokarta ta 1962. Dokar 1978 ta raba ƙasa gida biyu: ta birni, wadda gwamna ke bayarwa da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99, da ta karkara, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Ƙaramar hukuma ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. Gwamna ne kuma ke da ikon shelanta inda birni ya tsaya. Da sa hannu ɗaya, ƙauyen da ke nesa da gari zai iya wayar gari a cikin "birni", ikon ƙasarsa ya bar hannun ƙaramar hukuma. Yana kuma da ikon soke mallakar kowa don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini, shuka, itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. An cusa dokar a cikin tsarin mulki, sashe na 315 na kundin 1999, shi ya sa gyara ta ya zama aiki ja.

Wannan diyyar ta "abin da ke kai" ta sha jawo masifa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda aka kammala madatsar ruwa a 1978, rikicin diyya da rabon gonaki ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980, aka rasa rayuka. Gwarawan da Abuja ta tarar a ƙasarsu har yau ba a gama maganar sake musu matsuguni ba.

A ƙasa kuwa, ba a takarda ba, yawancin gonakin Arewa ba su taɓa ganin ofishin filaye ba. Gado ne, saye ne a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, aro ne, haya ce, jingina ce. Dokar 1978 ta ce gonar karkara da mutum ya riƙe tun kafin dokar ba za a yanka ta fuloti-fuloti ko a sayar ba, amma kowa ya san ana yi kullum, har da tambarin masu sarauta. Ƙarƙashin wannan duka akwai tsohuwar ƙa'idar da malamai suka karantar, hadisin da ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa, tasa ce. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman kan hukuncin irin wannan ƙasa, da hurumin gari da wuraren da ba a yarda wani ya killace su shi kaɗai ba. Ƙa'ida ce mai adalci a zamanin da daji ya fi mutane yawa. Amma lura da abin da ta zama a aikace: wanda ya sare ya shuka ya samu haƙƙi da kowa ke gani, wanda ya yi shekara hamsin yana kiwo a wurin, ko matar da ke tsintar kaɗanya da yin itace, ba su bar alamar da za su nuna wa alƙali ba. Ni a ganina nan ne zuciyar maganar. Gari yana da gwamna da kuɗi a bayansa. Gona tana da mai ita da magadansa. Daji na kowa ne, shi ya sa in an matsa, shi ke biya.

Abin yana tafiya ne a jere. Gari ya ture manomin bakin gari, shi ko 'ya'yansa su ɗauki kuɗin su nemi gona mai arha a can ciki. Masu kuɗin birni da 'yan siyasa da manyan ma'aikata masu ritaya su ma su nemi ɗaruruwan hekta a inda ƙasa ke da sauƙi. Gona ta ci saura, ta ci hurumi, ta ci burtali, ta shiga gandun daji. Makiyayi ya rasa hanya, ya ratsa ta cikin shuka ko ya nausa Kudu.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin kare dajin da doka. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara keɓe gandun daji, a Arewa da yawansu a hannun En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna. Burinsu kashi 25 cikin ɗari na ƙasar, abin da aka samu ya tsaya wajen kashi 10. Sunayen ka san su: Falgore, Rugu, Kamuku, Kuyambana, Sambisa, Yankari, Lame-Bura. Ban da 'yan gandayen da Gwamnatin Tarayya ke riƙe da su, irin Kamuku da Gashaka-Gumti da na Tafkin Kainji, sauran na jihohi ne, kuma gwamna na iya cire yanki daga gandu ya raba. An sha yin haka, musamman bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, lokacin da gonar cikin gandu ta zama abin saka wa magoya baya. A Kudu maso Yamma koko ne ya shiga gandaye irin na Omo. A Taraba da maƙwabtanta cinikin katakon madobiya zuwa Sin ya kwashe manyan itatuwa cikin 'yan shekaru, har aka dakatar da Najeriya daga fitar da shi a 2018. Gawayi da itacen girki na manyan garuruwa kuwa kullum tirela-tirela suke shigowa. Saboda haka in ka ga an rubuta "gandun daji" a taswira, abin da aka gaya maka shi ne matsayin wurin a doka. Ko akwai itace a kai, wannan wata tambaya ce daban. Akwai gandayen da yau masara ce daga farko har ƙarshe, har da makarantar firamare da rumfar zaɓe.

Na makiyaya ya fi muni. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ce, kuma adadin da hukumomi ke ambata shi ne wurare 415 a faɗin ƙasar, amma wajen kashi ɗaya cikin uku kawai aka kammala wa rajistar doka. Wanda ba a yi wa rajista ba, duk mai hanya zai iya shiga. Wase, Ladduga a Kaciya, Bobi a Jihar Neja, Ruma-Kukar Jangarai a Katsina, duk suna fama da gonaki a ciki. Sai kuma fadama. Da, in rani ya yi, fadama ce mafakar shanu, ga ɗanyar ciyawa ga mashaya. Daga farkon shekarun 1990 shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa, fadamu suka cika da tumatir, albasa, attaruhu da shinkafa. Alheri ne babba ga manomi, ba mai musu. Sai dai a jadawalin FAO ba abin da ya motsa, tunda makiyaya da gona duk "ƙasar noma" ce. An canja wa fili aiki, an tare hanyar ruwa, an haifi rikicin da ake zubar da jini a kansa, amma kashi 77 yana nan yadda yake. Haka madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992: ta Tiga ta raya noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, amma su biyun sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoma, masunta da makiyaya suka dogara da ita.

To, matashin garinku da ba ya samun gonar aro. A ƙidayar 1963 mu miliyan 55 ne da ɗoriya. A 1991 kusan miliyan 89, a 2006 miliyan 140, yau ƙiyasi ya wuce miliyan 220. Ƙasar ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. In ka raba Najeriya gaba ɗaya, har duwatsu da ruwa, a 1963 kowa zai tashi da fiye da hekta ɗaya da rabi, yau bai kai rabin hekta ba. In gonakin hatsi da rogo kaɗai za a raba, kowa bai wuce kashi ɗaya cikin shida na hekta ba. Kuma mutanen ba a baje suke daidai ba. A tsakiyar Kano, Katsina, kudancin Jigawa da kewayen Sakkwato, saura ta ƙare tun zamanin kakanninmu. Mutum ya mutu ya bar hekta huɗu da magada goma, kowa ya tashi da abin da ba zai ciyar da gida wata huɗu ba. Aro ya koma haya, hayar ma a biya kafin damina. Inda ƙasa ta rage, a Neja, Taraba, sassan Kaduna, Zamfara da Borno, ko dai tana da masu ita da ba ka gani, ko hanya babu, ko tsaro ya hana. Gonakin da manoma suka gudu suka bari a Zamfara, Birnin Gwari da Shiroro, da waɗanda ba a shiga sai an biya 'yan bindiga, duk suna cikin hekta miliyan 34 zuwa 37 ɗin nan na gonakin da ake shukawa duk shekara.

Shi ya sa ba na yarda da maganar da ake yawan yi a taruka, wai Najeriya na da miliyoyin hekta da ke kwance ba mai amfani da su. Je ka wurin da aka nuna a taswira, za ka tarar da ruga, ko mata masu tsintar kaɗanya, ko gonar da aka bari ta huta, ko kan tudun da in an sare shi rafin ƙasa zai ƙafe. Yawancin ƙarin abincin da muka samu a shekarun nan daga faɗaɗa gona ya zo, ba daga ƙaruwar abin da hekta ke bayarwa ba. Masararmu tana ba da wajen tan 2 a hekta, Habasha tana samun kusan ninki biyu. In aka ɗaga wannan da iri mai kyau, taki a kan lokaci da ruwa, an rage wa daji nauyi fiye da duk wani bikin dashen itace da za a yi a gaban kyamara.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da darasi a nan, kuma Hausawa 'yan'uwanmu ne suka yi shi. Su sun gwada raba ƙasa da layi: dokar 1961 ta ja iyaka, ta ce arewa da ita kiwo ne kawai, ba noma. Yunwar ƙasa ta sa gonaki sun tsallake layin tuntuni. Abin da ya yi aiki wani abu ne daban. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su gyara, su sare sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Abin ya kankama ne da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara ba in ya sassabe reshe. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. A ma'aunin FAO wannan duka gona ce, ba a ƙara wa dajin Nijar ko hekta ɗaya ba saboda shi. Wanda ya tsallaka daga Jibiya ko Maigatari ya shiga wasu yankunan can yana iya ganin bambancin da idonsa.

Game da aikinka, ga shawarata. Kawo alƙaluman FAO, amma kowanne ka rubuta shekararsa a gefensa, kada ka haɗa dajin rahoton 2015 da gonar 2021 a zane ɗaya. Faɗi a sarari cewa makiyaya da daji suna hawa kan juna, malaminka zai fi ganin ƙimar wannan fiye da zanen da'irar da aka tilasta wa cika ɗari. Sannan ka zaɓi wuri ɗaya da ka sani, ƙaramar hukumarku ko gefen garinku, ka buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, ka koma tsofaffin hotunan wurin na farkon shekarun 2000 ka gwada da na bana. Ka tabbata hotunan na lokaci ɗaya ne a shekara, don hoton Maris yana mayar da gona kamar hamada, na Satumba kuma yana mayar da ita kamar daji. Ka je sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ko na jiha ka nemi iyakar gandun da ke yankin yadda aka rubuta ta a doka, ka ɗora a kan hoton. Daga nan ka sami dagaci ko sarkin noma, da arɗon da ya daɗe a wurin, kowanne shi kaɗai, ka tambaye su ta ina burtali ya bi a da, faɗinsa taku nawa ne, kuma gonar wa ce a kansa yanzu. Sunayen da za su ba ka kada ka sa su a takardar, faɗin da shekarar kawai kake buƙata.